Yadda malamin asibiti yake koyon jikin mutum

Ɗan Isa gari ne cikin ƙasar Madarumfa, bisa hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Jibiya da Katsina. Akwai gidan likita a garin. Da damina, lokacin da sauro ya yi yawa, mata sukan cika shi tun da safe, kowace da yaro a goye. Wanda yake tarbarsu shi ne malamin asibiti, wato anfirmiye. Kafin a ba shi allura a hannu sai ya yi shekara 3 yana karatu. Akwai makarantun gwamnati na wannan aiki a Yamai da Damagaram. Ta Yamai tana ɗauke da sunan Damure Zika.

Karatun farko shi ne sanin sassan jiki. Da Faransanci ana ce masa anatomi. Duk yaron da ya tsaya wurin fiɗar ragon layya ya ga mafarinsa: ga hanta, ga huhu, ga ƙoda biyu, ga madaciya manne da hanta. Amma ɗalibi ba gani kaɗai zai yi ba. Sai ya san sunan kowane, da wurinsa, da aikinsa. Malami yakan kawo ƙwarangwal na roba cikin aji, a ƙidaya ƙasusuwa. Babban mutum yana da 206. Zuciya tana da ɗaki 4. Jinin jikinsa ya kai lita 5.

Akwai kalma guda da take ba ɗalibi Bahaushe wahala, ita ce jijiya. Hanyar jini jijiya ce. Farin zaren da yake kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa shi ma jijiya ne. Suna ɗaya, aiki daban! Dole ɗalibi ya raba su.

Ga dalili. Cikin ɗuwawu akwai wata babbar jijiya ta saƙo, kaurinta kamar yatsa. Ta fito daga ƙugu, ta bi bayan cinya, ta sauka har tafin ƙafa. In allura ta same ta, ƙafar tana iya shanyewa, yaro ya riƙa jan ta har girmansa. Yara da yawa a Afirka sun gurgunce haka, saboda allurar kini da aka yi ba a wurinta ba. Don haka ake koya wa ɗalibi ya raba ɗuwawu kashi 4 da ido, ya soka a kashin sama na gefe. Jariri kuwa a cinya ake yi masa. Mai yawo da allura cikin kasuwa bai san wannan ba.

Karatu na biyu na abin da ido ba ya gani ne. Sunansa istoloji. Ana yanka tsoka ko fata siriri ƙwarai, a ɗora bisa ɗan gilashi, a rina, a sa cikin madubin likita mai ƙara girman abu har sau 1000. Nan ɗalibi zai ga jiki kamar gini yake, an jera ƙananan ƙwayoyi kamar tubali. Wani Bature na Ingila, Robert Hooke, shi ya fara ba su suna a 1665.

Jini ma haka ake duba shi. Ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba yana da jajayen ƙwayoyi miliyoyi, kowace a kewaye kamar faifai. Ta mai ciwon amosanin jini takan lanƙwashe kamar lauje, ta toshe hanya, gaɓoɓi su yi ta ciwo. Cikin waɗannan ƙwayoyi ne cutar masassara take ɓuya, tana ci tana fasa su. Likita Laveran na Faransa ya gan ta a 1880, a ƙasar Aljeriya.

Shi ya sa malamin asibiti yakan ja fatar idon yaro ƙasa, ya buɗe tafin hannunsa ya duba. In ya ga sun yi fari, ya san jini ya ragu. Sai ya rubuta takarda, a kai yaron babban asibitin Madarumfa a ƙara masa jini.