Taɓin Hankali Tun Yana Sabo

Jama'a, ku sani taɓin hankali ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma ba safai ya kan faɗo wa mutum dare ɗaya ba. Yawanci ya kan soma tsakanin shekara 15 da 30 da haihuwa.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, amma ita ke jan ragamar jiki duka. Sashenta na gaba, watau bayan goshi, shi ke tsara aiki da auna magana kafin a faɗe ta. Ba ya kuwa gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Can ciki, saitin kunne, akwai wani ɗan sashe mai adana abin da aka koya, kamar rumbu.

Cikin 1976 waɗansu likitoci a Ingila suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da suka daɗe da ciwon, suka ga ramukan ruwa da ke tsakiyarta sun fi na masu lafiya faɗi. Daga baya aka gane ko ga sababbin kamu, sassan nan biyu su kan ɗan ragu. Bambancin kaɗan ne, sai an gwada mutane da yawa ake ganinsa. Saboda haka kada ku sayar da sa don neman hoto, sai fa in likita ne ya ce a yi.

Abin da ku za ku iya gani a gida shi ne raunin tunani, sau da yawa kuwa ya kan riga jin muryoyi zuwa. Yaron da ke da hazaƙa sai karatu ya gagare shi. A aike shi kasuwa da saƙo uku, ya komo da ɗaya. Ya soma ɗaurin dami, ya tsaya ya rasa abin da ke biye. Ya ƙaurace wa abokai, barci ya ƙi. Nan ne iyaye kan ce lalaci ne, har su kai ga bulala. Wannan kuskure ne babba. Mari da turu ma ba su warkar da kowa.

In kun ga haka ya yi makonni, ku kai shi ɗakin magani. Daga nan a kan tura mutum asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Kaduna, ko Kware, ko Maiduguri, ko Dawanau ta Kano. Wanda aka kai da wuri ya fi samun sauƙi bisa ga wanda aka ɓoye shekara da shekaru. Ku yi addu'a, ku kuma je.

Magani ya fi kwantar da muryoyi da tsoro, amma tunani a hankali ya ke komowa. To, ku riƙa ba shi aiki ɗaya ɗaya, da gajeriyar magana. Ku raba shi da wiwi, don tana tayar da ciwon. Kada ya bar shan magani don ya ji dama, sai likita ya yarda.

Amma in ruɗewar ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi mai zafi, ko sanƙarewar wuya, ko farfaɗiya, wannan wani ciwo ne dabam. Kada ya kwana gida.