Hanyoyin Tafiya Daga Dodoma Zuwa Tsibirin Zanzibar

A gabashin Afirka, bakin Tekun Indiya, akwai wata ƙasa da a ke kira Tanzaniya. Babban birninta Dodoma, yana can tsakiyar ƙasa, kan tudu, inda ruwan sama ba shi da yawa. Zanzibar kuwa tsibiri ne, watau ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Mutane su kan zo daga kowace kusurwa ta duniya don su huta a bakin gaɓarsa, su sha iska, su ga tsohon birninsa. To, wanda ke Dodoma, in ya yi niyyar zuwa can, yaya zai yi? Tafiyar kashi biyu ce. Da fari sai ya sauko daga tudu zuwa bakin teku, sa'an nan ya ƙetare ruwa. Kowane kashi yana da hanyoyinsa, kowace hanya kuwa da amfaninta da aibinta.

Garuruwan nan uku

Kafin mu kama hanya, ya kamata mu san garuruwan. Dā birnin Darussalam, wanda ke bakin teku, shi ne mazaunin gwamnati. A 1973 aka yanke shawara a mai da mulki Dodoma, don ta fi zama tsakiya. Abin ya ɗauki shekaru da yawa. Majalisa ta koma can a 1996, amma yawancin ma'aikatu ba su tashi ba sai daga 2016, zamanin Shugaba John Magufuli. Duk da haka Darussalam ce har yanzu uwar ciniki, nan ne kuma babbar tashar jiragen ruwa ta ke. Wanda ya san yadda Abuja da Ikko su ke, ya fahimci wannan.

Abin da baƙi ke kira Zanzibar, mutanen wurin Unguja su ke ce masa. Yana da ɗan'uwa daga arewa, sunansa Pemba. Su biyu da waɗansu 'yan ƙananan tsibirai su ne ƙasar Zanzibar. A watan Afrilu na 1964 ta haɗu da Tanganyika, aka sami Tanzaniya, amma ta riƙe shugabanta da majalisarta. Ka riƙe wannan a zuci, gama zai yi maka amfani in ka isa tasha.

Daga Dodoma zuwa bakin teku

Tsakanin Dodoma da Darussalam wajen mil 280 ne. Wannan hanya tsohuwa ce ƙwarai. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake ke bi ta ƙasar Wagogo, inda Dodoma ta ke yanzu, ɗauke da hauren giwa, suna kora bayi, har su sauka garin Bagamoyo a bakin ruwa, daga nan a zuba su jirgi sai Zanzibar. Tafiyar da su kan yi makonni suna yi da ƙafa, yau a kan yi ta tsakanin hantsi da azahar.

Hanya ta fari ita ce mota. Manyan motocin fasinja su kan tashi Dodoma tun da sassafe, su bi ta Morogoro da Chalinze, su isa Darussalam cikin sa'a 8 ko 9. Amfanin mota araha, kuma ba ta wuyar samu. Aibinta gajiya da jinkiri. Hanyar nan ita ce manyan motocin kaya ke bi daga tashar jiragen ruwa zuwa ƙasashen da ba su da teku, saboda haka cunkoso ba ya ƙarewa, musamman kusa da birni. Ban da wannan, tashar motocin tana bayan gari, wurin da a ke kira Mbezi, sai mutum ya sake neman abin hawa zuwa bakin ruwa. Wanda ya zo da mota, galibi sai ya kwana a Darussalam, don ba zai tarad da jirgin ruwan ranar ba.

Hanya ta biyu jirgin ƙasa. Jamusawa ne suka fara shimfiɗa dogo a nan, zamanin da su ke mulkin ƙasar. Sun fara daga Darussalam a 1905, suka kai Dodoma a 1910, suka isa Kigoma bakin Tafkin Tanganyika a 1914. Wannan tsohon dogo siriri ne, jirginsa kuwa mai nawa. Amma a 2024 aka buɗe sabon dogo mai faɗi, wanda jirginsa da lantarki ya ke tafiya, ba da gawayi ko mai ba. Shugaba Samia Suluhu Hassan ce ta yi bikin buɗe shi ran 1 ga Agusta na shekarar. An gina shi yadda jirgi zai iya gudun mil 100 a sa'a guda, saboda haka tafiyar duka ba ta wuce sa'a 3 da rabi ko 4. Mutum na zaune kan kujera mai taushi, yana kallon ƙasa tana sakewa a gabansa: daga busasshen daji mai itatuwan kuka, jirgi ya ratsa ramukan da aka fafe cikin duwatsu wajen Kilosa, ya bi gindin duwatsun Uluguru a Morogoro, har ya sauko ƙasa mai laima da itatuwan kwakwa. Wani alherin kuma, tashar jirgin a Darussalam tana tsakiyar gari, ba nisa da inda a ke shiga jirgin ruwa. Sai dai mutane sun yi masa yawa, don haka mai hankali ya kan yanki tikiti tun da sauran kwanaki.

Hanya ta uku jirgin sama. Daga Dodoma zuwa Darussalam kamar sa'a guda ne. Ya fi duka sauri, ya kuma fi duka tsada. Amma in ka haɗa da lokacin zuwa filin jirgi, da jira, da binciken kaya, sai ka ga ratar da ke tsakaninsa da sabon jirgin ƙasa ba ta kai yadda a ke zato ba.

Ƙetare ruwa

Daga Darussalam zuwa birnin Zanzibar wajen mil 45 ne a kan ruwa. Yawancin mutane jirgin ruwa mai sauri su ke shiga. Irin wannan jirgi gindi biyu gare shi, kamar an jera kwalekwale biyu an ɗora ɗaki bisansu, wannan ne ya sa ba ya yawan tangaɗi. Ya kan ƙetare cikin sa'a 2 ko ƙasa da haka kaɗan. Jiragen da rana su ke tashi, na fari da sassafe, na ƙarshe wajen la'asar. Kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa. A bakin tasha akwai 'yan kamasho da yawa, kowa na jan hannunka yana cewa shi ne zai sama maka wuri. Kada ka ba kowa kuɗinka. Ka tafi ofishin kamfani da kanka, ka karɓi tikiti mai sunanka.

Wanda ba ya son ruwa, ko yana gaggawa, sai ya tafi filin jirgin sama na Julius Nyerere. Daga can ƙananan jirage da manya su kan tashi sau da yawa a yini, cikin minti 20 sun sauka filin Abeid Amani Karume, kudu da birnin Zanzibar kaɗan. Ƙananan jiragen ba su ɗaukar kaya mai nauyi, sai mutum ya tambayi iyakar abin da a ke yarda da shi tun kafin ya ɗaure kayansa.

Akwai kuma jiragen katako irin na dā, waɗanda iska ke turawa. Su ne suka yi ɗaruruwan shekaru suna kai da kawowa tsakanin Afirka da ƙasar Larabawa da Hindu. Har yanzu suna ɗaukar kaya, suna kamun kifi, kuma a kan zaga da baƙi cikinsu kusa da gaɓa da maraice. Amma ba abin da baƙo zai ƙetare teku da shi ba ne, kome arahar da aka yi masa.

Iska da lokaci

Teku ba kullum ya ke kwance ba. Iska biyu ke mulkinsa. Daga wajen Disamba zuwa Maris iska daga arewa maso gabas ta ke busowa, mutanen wurin suna kiranta kaskazi. Ita ce ta kan kawo jiragen Larabawa a zamanin dā. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba sai ta juya, ta taso daga kudu, sunanta kusi, ita ce ta kan mai da su gida. Kusi ta fi ƙarfi, a lokacinta ne igiyar ruwa ta fi tashi, tun ba a tsakiyar shekara ba. Wanda jiri ke kama shi a ruwa, ya shiga jirgin safe, kada ya cika cikinsa, ya zauna inda zai riƙa hangen nesa. Ruwan sama mai yawa kuwa daga Maris zuwa Mayu ya ke sauka, sa'an nan a yi wani ɗan kaɗan wajen Nuwamba.

Maganar iska ba ta wasa ba ce. Ran 10 ga Satumba 2011 wani jirgi mai suna Spice Islander ya nutse da dare tsakanin Unguja da Pemba. An loda masa mutane da kaya fiye da ƙima, waɗanda suka mutu da waɗanda suka ɓace sun haura 1,000. Ba a cika shekara ba, ran 18 ga Yuli 2012, wani kuma mai suna Skagit ya taso daga Darussalam cikin iska mai ƙarfi, ya kife kafin ya isa, mutum fiye da 100 suka hallaka. Darasin da ke ciki a fili ya ke. In ka ga jirgi ya cika maƙil ana ta ƙara mutane, ka sauka. In ma'aikata sun ce yau ba a tashi saboda iska, kada ka yi fushi, kwana guda a masauki ya fi. In ka shiga, ka duba inda rigunan ceto su ke tun jirgi bai motsa ba.

Wani abin lura kuma, masu harshen Suwahili daga fitowar rana su ke fara ƙidayar sa'o'i. Abin da mu ke kira ƙarfe 7 na safe, su sa'a 1 su ke ce masa, tsakar rana kuwa sa'a 6. Baƙi da yawa sun rasa jirgi saboda wannan. In an faɗa maka lokaci da baki, ka duba abin da aka rubuta jikin tikiti, ka sake tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Takardu

Mun ce Zanzibar tana da gwamnatinta. Saboda haka ko da ya ke daga Tanzaniya ka fito, in kai baƙo ne sai an duba fasfonka a tasha. Kada ka bar shi cikin akwati a Darussalam. Wanda ya taso daga ƙasar da a ke samun ciwon shawara, kamar Nijeriya da Nijar da Gana, a kan nemi ya nuna katin allurar rigakafi. Tun daga watan Oktoba na 2024 kuma aka sa wa baƙi dokar sayen inshorar gwamnatin Zanzibar, aka yanka kuɗinta dala 44. Sauro kuwa yana nan, sai a kwana cikin gidan sauro.

In an sauka

Jirgin ruwa a bakin tsohon birni ya ke tsayawa, wanda a ke kira Birnin Dutse. Lungunansa matsattsu ne, mota ba ta shiga yawancinsu, ƙofofin gidaje kuwa na katako ne masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, shi ya mai da gadon sarautarsa nan wajen 1840, ya ƙarfafa noman kanumfari, har tsibiran suka yi suna da shi a duniya. Nan ne kuma aka yi babbar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873, aka gina majami'a a wurin. A 2000 hukumar UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya.

Wuraren hutawa kuwa suna nesa da birni. Nungwi da Kendwa suna can ƙuryar arewa, tafiyar sa'a guda da rabi a mota. Paje da Jambiani suna gabas, inda ruwa kan janye nesa sau biyu a yini, mata su shiga su yi aikin ciyawar teku da su ke nomawa. Mai kuɗi ya ɗauki tasi, amma ya yi ciniki kafin ya shiga. Mai neman sauƙi ya hau daladala, watau motar haya ta talakawa. Mutanen tsibirin kusan dukansu Musulmi ne, masu kunya da son baƙo. Kayan wanka na bakin ruwa ne kaɗai, in za a shiga gari sai a suturta jiki, balle cikin watan azumi.

Wace hanya ta fi?

Wannan ya danganta ga aljihun mutum da lokacinsa. Mai ƙaramin ƙarfi ya shiga mota, ya kwana Darussalam, ya bi jirgin safe. Mai gaggawa, ko tsoho wanda ba ya jure wahala, ya bi sama tun daga Dodoma. Amma ga yawancin mutane, abin da ya fi dacewa shi ne jirgin ƙasa na asuba, sa'an nan jirgin ruwa na rana. Ta haka mutum zai karya kumallo a Dodoma, ya ga ƙasa da idonsa, ya yi sallar magariba a Zanzibar. Kowace ka zaɓa, ka bar rata mai yawa tsakanin abin hawa da abin hawa, gama masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.