Ƙimanta Tsofaffin Kayan Ɗaki: Kabad Ɗaya, Farashi Iri-iri

A watan Yuli na shekarar 1990 aka buga ƙararrawar gwanjo a kamfanin Christie's da ke birnin Landan a kan wani kabad guda ɗaya tak, aka sayar da shi fam miliyan 8 da dubu 580. Ba a taɓa sayen wani kayan ɗaki da tsada haka ba kafin wannan rana. Kabad ɗin, wanda ake kira Badminton, wani saurayin basarake ne na Ingila, Duke na Beaufort na uku, ya ba da aikinsa a birnin Florence ta ƙasar Italiya a 1726, aka shafe shekara shida kafin a kammala shi. An yi shi da baƙin katako dangin kanya, aka yi masa ado da duwatsu masu launi da tagulla mai ruwan zinariya, tsayinsa kuwa ya haura ƙafa 12.

Ba don marmari gidan sarautar ya rabu da wannan kaya ba. Duke na goma ya rasu a 1984, ya bar wa magada nauyin harajin gado, kuma da kuɗin kabad ɗin aka nemi sauke wannan nauyi. Bayan shekara 14, wato a Disambar 2004, sai aka sake fito da shi gwanjo, Yarima Hans-Adam na Biyu na ƙasar Liechtenstein ya saye shi fam miliyan 19 da 'yan kai. Katakon dai shi ne, duwatsun ma su ne, amma farashi ya ninka har ya zarce.

Wannan labari ya isa ya nuna wa ɗan kasuwa inda wahalar sana'ar masu ƙimanta tsofaffin kayan ɗaki take. Buhun masara yana da farashinsa a Dawanau kowace safiya, hannun jari kuma ana iya duba nasa a jarida. Tsohon tebur ko kujerar da aka yi shekara 250 da suka wuce ba su da irin wannan kasuwa ta kullum. Duk da haka, ranar da mai su ya rasu, ko aka shiga shari'ar rabuwar aure, ko kamfani ya karye masu bin bashi suka taso, dole wani ya rubuta adadi a takarda ya sa hannu, kuma ya tsaya a kansa gaban alƙali in an neme shi.

Tambayar farko da ƙwararren mai ƙima zai yi wa wanda ya kira shi ita ce: don me ake son ƙimar? Idan don inshora ce, to abin da zai rubuta shi ne kuɗin da za a kashe a sayo irin kayan a kantin dillali idan gobara ta cinye shi, kuma wannan shi ne adadi mafi yawa. Idan don harajin gado ne, dokar Birtaniya ta 1984 ta ce a ɗauki farashin da ake sa ran kayan zai yi in an sayar da shi a buɗaɗɗiyar kasuwa a lokacin rasuwar. Idan kuma kayan wanda ya tsiyace ne da za a kaɗar cikin gaggawa, adadin zai faɗi ƙasa da haka. Dukkansu gaskiya ne, kowanne a muhallinsa. Kuskuren da magada suka fi yi shi ne su ɗauko tsohuwar takardar inshora su miƙa wa hukumar haraji, su biya haraji a kan kuɗin da ba za su taɓa samu ba ko da sun sayar. A ƙasar da ake karɓar kashi 40 cikin 100 na abin da ya haura fam dubu 325, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Rage ƙima ma yana da nasa haɗarin. A Amurka, idan adadin da aka rubuta a takardar harajin gado bai wuce kashi 65 cikin 100 na ainihin ƙimar ba, ana iya cin tarar kashi 20 na harajin da aka ƙi biya, idan kuwa bai wuce kashi 40 ba, tarar ta koma kashi 40. Hukumar harajin ƙasar tana da kwamitin masana da ta kafa tun 1968, wanda ake kai wa kayan fasaha da ƙimarsu ta kai dala dubu 50 ko fiye. Wani abin lura shi ne, mutum ɗaya yakan so ƙima ta yi ƙasa idan gado ne, ya kuma so ta yi sama idan kyauta zai ba gidan tarihi don a sassauta masa haraji. Saboda haka ne dokar ta ƙi amincewa da takardar ƙimar kyauta idan ladan mai ƙimar ya dogara da yawan adadin da ya rubuta. A ganina wannan ƙa'ida ta fi kowace muhimmanci. Mai ƙimar da zai ce maka "kayan nan ba su wuce kaza ba, amma ni zan saya", dillali ne, kuma a matsayin dillali ya kamata a saurare shi.

To, ta yaya ake kaiwa ga adadin? Aikin yakan fara ne daga bayan kaya da ƙarƙashinsa, inda mai gida ba ya dubawa. Mai ƙima zai zare durowa ya kifa ta, ya duba haɗin katakon, domin haɗin hannu bai cika zama daidai wa daida kamar na inji ba. Zai duba sawun zarto: zarto mai kewayawa na inji yana barin sawu mai lanƙwasa, wanda bai kamata a gan shi a jikin kayan farkon ƙarni na 18 ba. Zai duba ƙusoshi da makullai da mariƙai, ya ga ko akwai tsofaffin huji da ke nuna an taɓa sauya su. Katako yana tsukewa ta faɗinsa idan ya daɗe, don haka tsohon tebur mai da'ira ba ya zama cikakkiyar da'ira. Akwai kuma abin da 'yan sana'ar ke kira aure, wato a ɗora saman wani kabad a kan gindin wani daban, a sayar a matsayin abu ɗaya. Gyara ma yana rage daraja. Mai gidan da ya sa kafinta ya kankare tsohon launi ya shafa sabo don kaya su yi ƙyalli, sau da yawa kuɗinsa ya kankare.

Bayan jikin kaya sai tarihinsa. Rasit na asali, ko jerin kayan gida da aka rubuta a zamanin kakanni, ko hoton ɗaki da ke nuna kayan a wurinsa, kowanne yana iya ɗaga ƙima fiye da kyawun aikin kansa. Daga nan sai a nemo makamantansa da aka sayar a kusa da ranar da ake magana, a lura da la'adar gidan gwanjo da ke cikin farashin da aka buga, a bayyana dalilin fifita wannan misali a kan wancan.

Ko masana ma sukan faɗa rami. A ƙasar Faransa, Bill Pallot, wanda ake ɗauka babban masanin kujerun ƙarni na 18, ya haɗa baki da wani gwanin sassaƙa mai suna Bruno Desnoues suka ƙera kujerun jabu da tsohon katako, har fadar Versailles ta sayi wasu. Asirin ya tonu a 2016, kotu kuma ta same su da laifi a 2025.

Kasuwar ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Farashin tsofaffin kayan katako na Ingila, irin waɗanda ake samu a gidajen masu matsakaicin hali, ya kai ƙololuwa wajen 2002, daga nan ya yi ta gangarowa, domin matasa ba su da manyan ɗakunan cin abinci, ba su kuma sha'awar kayan. Na ƙololuwa irin Badminton ne kaɗai suka tsira. Doka ma tana taɓa ƙima: tun Yunin 2022 Birtaniya ta hana cinikin hauren giwa, in ban da 'yan keɓaɓɓun kaya, kamar waɗanda aka yi kafin 1947 kuma hauren bai kai kashi 10 cikin 100 na jikinsu ba. Abin da ba a iya sayarwa ta halal, da wuya a ɗora masa farashin kasuwa.

Ita kanta gwamnati ta taɓa yin lissafin da ya zame mata abin nadama. Birtaniya tana da tsarin karɓar kayan tarihi a maimakon kuɗin haraji. Bayan rasuwar Earl na Rosebery na shida a 1974, magada sun yi wa gwamnati tayin gidan Mentmore da duk abin da ke ciki a kan fam miliyan 2. Aka yi ta ja-in-ja har maganar ta watse. A Mayun 1977 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon kayan cikin gidan kawai, aka tara fiye da fam miliyan 6, wasu kayan kuma suka bar ƙasar.

Attajiranmu da suka mallaki gidaje a Landan su sani cewa harajin gadon Birtaniya yana hawa kan kadarar da ke cikin ƙasar ko da mai ita baƙo ne, kuma kayan ɗaki suna cikin lissafi. Ana son a biya kafin ƙarshen wata na shida bayan rasuwa, in an wuce kuɗin ruwa ya fara hawa. A nan gida kuwa, Dokar Soja mai lamba 24 ta 1975 ce ta kafa hukumar rajistar masu ƙimanta kadara, sai dai yawancin aikinsu a kan filaye da gine-gine da injuna yake. Wanda ya gaji tsohuwar ƙofa mai sassaƙa ko kujerar sarauta ya kuma tuna da Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba tare da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ba, ta kuma taƙaita waɗanda za a iya sayar wa. Farashin da aka ji an sayar da irinsa a Faris ba shi ne za a rubuta a takardar rabon gado a Bida ko Zariya ba.