Kafin a Taka Feda: Kwanakin Alƙahira na Mai Nufin Cape Town a Kan Keke

A watan Janairun 2003 wasu mahaya keke su 33 suka taru a gindin dalar Giza, a gefen birnin Alƙahira, suka fuskanci kudu da niyyar sai sun ga Cape Town. Tafiyar wajen kilomita 12,000 ce, ta ci musu wata huɗu, kuma ita ce ta zama mafarin ayarin Tour d'Afrique wanda wani ɗan Kanada mai suna Henry Gold ya jagoranci kafawa. Tun daga lokacin hanyar ta yi suna. A 2015 Mark Beaumont, mutumin Sikotlan, ya ratsa ta cikin kwana 41 da sa'o'i 10. Hoton da kowa ke gani ɗaya ne: mahayi yana murmushi, dala a bayansa. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne kwanakin da aka yi ana faɗi-tashi a cikin birnin kafin a kai gindin dalar, kuma a ganina waɗannan kwanakin ne suke yanke yadda watan farko na tafiyar zai kasance.

Ayarin kamfani yana da motocin kaya da bakanike da mai dafa abinci da wanda ke bin ofisoshi da takardu. Wanda ya fito shi kaɗai, ko su biyu, duk waɗannan ayyukan a wuyansa suke, a birnin da mazaunansa da na kewayensa suka haura miliyan 20.

Matsala ta farko tana jiran mutum tun a wurin ɗaukar kaya na filin jirgi. Kamfanonin jirage ba sa karɓar keke a tsaye. Sai an cire feda, an karkatar da kan keken, an kwance tayar gaba, an sa shi a kwali mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi. Yawancinsu suna auna kaya da kilo 23, kuma ba sa ɗaukar ƙunshi guda da ya wuce kilo 32. To ga mutum a Heliopolis, inda filin jirgin yake, arewa maso gabashin birnin, da kwalin da ba zai shiga bayan ƙaramar tasi ba, ga jakunkuna huɗu. Dalar kuwa tana can kudu maso yamma, wajen kilomita 40 daga nan. Wasu sukan ga dabara ce su haɗa keken a filin jirgi su hau. Ba na goyon bayan wannan. Mutumin da ya kwana a jirgi, bai san hanya ba, bai gwada birkinsa ba, bai kamata darasinsa na farko ya zama titin da motoci ke yin layi biyar a gurbin uku ba. Mota mai faɗi da aka shirya da masauki tun kafin a taso ta fi sauƙi, kuma kwalin ya tsira, wanda za mu ga amfaninsa a gaba.

Masaukin ma ba a zaɓensa don kyan gado. Da yawa daga masaukai masu arha na tsakiyar birni, wajen dandalin Tahrir, suna saman tsofaffin benaye masu ƙaramin lif. Tambayoyin da suka dace a yi su ne: akwai wurin ajiye keke a ƙasa? Akwai fili da za a baje a haɗa shi? Za su riƙe wa mutum kwali na wata guda?

Amma babban abin da ke juya lissafi shi ne biza. Bizar yawon buɗe ido ta Masar kwana 30 ce, kuma ƙidayar tana farawa ne daga ranar da aka buga hatimi a fasfo, ba ranar da aka taka feda ba. Daga Alƙahira zuwa Aswan ta bakin kogin Nilu wajen kilomita 900 ne. Mai keke da kaya, idan yana yin kilomita 80 zuwa 100 a yini, zai ci kwana goma ko fiye, ban da ranakun hutu, ban da tsayawa a Luxor da ba wanda zai wuce ta ido rufe. Wanda ya bi ta Ain Sokhna ya gangara gaɓar Bahar Maliya zuwa Safaga, sannan ya tsallaka duwatsu zuwa Ƙena, tafiyarsa ta fi haka tsawo. Saboda haka kowace rana da aka ɓata a Alƙahira ana jiran wani ofishi, daga cikin kwanakin hanya aka cire ta. Ana iya tsawaita biza, gaskiya ne. Shekara da shekaru a katafaren ginin Mogamma na Tahrir ake yi, kafin a mai da ofishin unguwar Abbasiyya a 2019. Sai dai shi ma tsawaitawar layi ne da jira, wato wasu kwanakin.

Daga nan ne tsarin ayyuka yake fitowa da kansa. Abin da ke hannun wani, shi ake fara yi. Abin da ke hannunka, ya jira. Idan akwai bizar wata ƙasa da za a nema a ofishin jakadancinta, ranar farko da safe ake kai fasfo, sannan a koma haɗa keke a kwanakin jira. Kuma a tuna cewa hutun mako a Masar Juma'a da Asabar ne. Wanda ya sauka daren Alhamis ya yi asarar kwana biyu kafin wata taga ta buɗe masa. Saukar Asabar ko Lahadi ita ce daidai: kwana biyar na aiki a jere, sannan a fita ranar Juma'a.

Akwai takardar da ba ta jiran a iso. Mai tasowa daga ƙasar da ake samun cutar shawara, kamar Nijeriya, ana neman katin rigakafinsa a Masar da wasu ƙasashen da ke kan hanyar. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, amma tun Yulin 2016 dokar lafiya ta duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Haka kuma mai fasfon Nijeriya ya gama da bizar Masar tun yana gida.

Sai batun Sudan. A da, mahaya sukan shiga jirgin ruwa daga Aswan su ƙetare tafkin Nasser zuwa Wadi Halfa a Sudan, daga baya kuma aka buɗe hanyar mota ta kan iyaka a 2014. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya yanke wannan zaren. Masu bin hanyar yanzu sukan tsallake ƙasar a jirgin sama zuwa gabashin Afirka. Ma'anar wannan ga mai shiri ita ce keken zai sake shiga kwali bayan 'yan makonni, shi ya sa wanda ya yar da kwalinsa a filin jirgi zai sha yawon shaguna yana roƙon wani.

Kayan gyara kuwa, ƙa'idarsu mai sauƙi ce: abin da kowane mai faci ke da shi kada a yi masa dako, abin da ba a samu sai a babban birni kada a bar birnin babu shi. Faci da sholisho da famfo suna ko'ina. Roban birki na zamani, sarƙar da ta dace da yawan giyar keken, da sifok mai tsawon da ya yi daidai da wilinsa, waɗannan su ne kan tsayar da mutum mako guda a ƙauye. Shi ya sa tsofaffin matafiya suka daɗe suna fifita taya mai inci 26 da bawul irin na mota, domin su ne aka fi samu a kasuwannin nahiyar. Tukunyar gas ta girki ba ta hawa jirgi, don haka ko a nemo ta a birni ko a zo da risho mai aiki da fetur. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto kuwa a bar shi a gida. Dokar Masar ta 2017 ta hana shigo da shi ba tare da izini ba, kuma a filin jirgi ake ƙwace shi.

Layin waya da fasfo ake yin rajistarsa. Kuɗi a canza shi a banki ko na'urar cirar kuɗi, a tara ƙananan takardu, domin mai shayi a ƙauyen Minya ba shi da canjin fam 200.

Abin da baƙi da yawa ba sa sa wa a lissafi shi ne 'yan sanda. Tun bayan harin Luxor na Nuwamban 1997, inda aka kashe mutum 62, hukumomin Masar suke sa ido sosai kan zirga-zirgar baƙi a kwarin Nilu. Mai keke yakan tarar da motar 'yan sanda tana bin sa a baya daga shinge zuwa shinge, wani lokaci a ce ya ɗora keken a mota, wani lokaci su ne za su nuna masa inda zai kwana. Gardama ba ta da riba a nan. Abin da ke rage jira shi ne tarin kwafin fasfo da aka buga tun a Alƙahira, da takarda ɗaya da aka rubuta da Larabci mai ɗauke da suna da ƙasa da garuruwan da za a bi.

Wani zai ce ai an yi tafiyar da ta fi wannan ba tare da duk wannan shiri ba, kuma ya yi gaskiya. A 2023 wani matashi ɗan Gini, Mamadou Safayou Barry, ya kama hanyar jami'ar Azhar a kan keke da 'yan tufafi da tocila da sukundireba. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar, ya yi wajen kilomita 4,000, an tsare shi har sau uku. A Chadi tafiyar ta cije, ga yaƙin Sudan a gabansa, sai da jama'a suka haɗa masa kuɗin jirgi bayan wani ɗan jarida ya yaɗa labarinsa. Ya isa Alƙahira a watan Satumba, Azhar ta ba shi gurbin karatu kyauta. Jarumta ce babba. Amma a lura, ba ƙafafunsa ne suka gaza ba, iyaka ce ta tsayar da shi.

Lokacin tashi shi ne abu na ƙarshe. Ana son Disamba ko Janairu saboda dalili biyu: zafin Aswan a bazara yana haura digiri 40, kuma iskar da ta fi kaɗawa a kwarin Nilu daga arewa take, wato tana tura mai nufin kudu. Daga Maris zuwa Mayu kuma iskar hamsin mai zafi da ƙura takan taso daga kudu ta bugi fuska. Ranar fita ita ce Juma'a, bayan sallar asuba. A wannan safiyar titunan da suka saba cunkushewa sukan zama fayau har zuwa lokacin da za a sauko daga masallaci. Sa'o'i shida ko bakwai ke nan, kuma sun ishi mai keke da kaya ya wuce Helwan ta gabashin kogi, ko Badrashin ta yammacinsa, kafin motocin birnin su fito.