Matsalar Sufurin Tsofaffi da Naƙasassu a Birnin Kano

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa wahalar tsoho da naƙasasshe wajen tafiya tun daga bakin ƙofar abin hawa take farawa.

Tun da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a Kano cikin 2013, A Daidaita Sahu ta zama abin hawan talaka. To, amma hawanta yana wahalar da mai ciwon gwiwa, ba ta kuma da wurin ɗora keken gurgu. Direba kuwa, da yake kullum sai ya kai wa mai ita balas, sau da yawa yakan wuce wanda hawansa zai ci lokaci.

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-gine da motocin jama'a. Wa'adin ya cika a 2024, amma doka ba ta rage tsawon mataki.

Saboda haka muna ganin gyara daga wajen saye zai fara, watau duk bas da hukuma za ta sayo ta kasance mai gajeren mataki, da wurin keke, da kujerun da aka keɓe wa tsofaffi.