Daga layin zaɓe zuwa akwatin asusunmu

Ƴan uwa mata, kun tuna 27 ga Disamba 2020? Tun da hantsi muke layi, wasu da goyo, har la'asar. Wata tsohuwa a gabana ta gaji, ta koma gida da katinta, ƙuri'arta ta salwanta. Da magariba na tsaya kallon ƙidaya: an buɗe akwati gaban wakilan jam'iyyu, ana ɗaga kowace takarda kowa ya gani.

Bana za mu zaɓi ma'ajiya. Mu bar ɗaga hannu, don kunyar suruka ko maƙwabciya kan sa mace ta bi wadda ba ta yarda da ita ba. Kowace ta jefa tsakuwarta a ɓoye, tsofaffi da masu ciki su fara, sannan a ƙirga gaban kowa. Kuɗinmu ne za ta riƙe fa!