Ƙasar Lambu da Natsuwar Zuciya

Kwanan baya muna babin taimama a Ahalari, sai wani yaro ya ce, "Malam, ƙasa ba datti ba ce? Yaya za a yi tsarki da ita?" Na ce masa a fiƙihu ƙasa mai tsarki ce, sai in najasa ta taɓa ta. To ga abin da likitoci suka hango a cikinta.

Cokali ɗaya na ƙasar lambu yana ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Yawancinsu ba sa cutarwa. Ɗaya daga ciki sunanta Mycobacterium vaccae, 'yar'uwar ƙwayar tarin fuka ce, amma ba ta da sharrinta. Wani likitan Ingila, John Stanford, ya ɗebo irinta a bakin tafkin Kyoga na Yuganda a shekarun 1970.

A 2004 likita Mary O'Brien ta asibitin Royal Marsden a Landan ta fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa masu sankarar huhu. An kashe ƙwayar, aka yi musu allurarta tare da maganinsu. Kwanansu bai ƙaru ba, sai dai sun ce sun fi jin sauƙin rayuwa. A 2007 Christopher Lowry na jami'ar Bristol ya gwada ta a jikin ɓeraye, ya ga ta motsa sashen ƙwaƙwalwa mai fitar da serotonin, sinadarin da ke da hannu wajen daidaita yanayin zuciya.

A nan fa a yi hattara. Ɓera ba mutum ba ne, allura kuma ba taɓa ƙasa da hannu ba ce. Saƙon da ake turawa a WhatsApp wai shaƙar ƙasa na warkar da ciwon damuwa, ya wuce gona da iri. Wanda damuwa ta hana shi barci da cin abinci, ya riƙe addu'a, ya kuma je asibiti.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana wajen aikin lambun kansa. A garin Denver na Amurka an ɗauki mutum 291, rabi aka ba su fili, rabi aka ce su jira. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna masu lambun sun ƙara motsa jiki kamar minti 42 a mako, damuwa da fargabarsu kuma sun ragu. Ni wannan bai ba ni mamaki ba. Mutum ya fita rana, ya yi gumi, ya gaisa da maƙwabci, yana jiran tsiro. Ina zai haɗu da wanda ya wuni a ɗaki da waya?

Mu ma ba baƙi ba ne a harkar. 'Yan'uwanmu sun daɗe suna noman latas da kabeji a Dzorwulu, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, kuma dattawa suna tune da Operation Feed Yourself na Acheampong a 1972, lokacin da aka ce kowa ya shuka a bayan gida.

Za ku ce Nima ina fili? Gaskiya ne, gidan haya ko wurin shanya da kyar. Amma buhun shinkafa ko tsohon galan da aka yanke aka huda gindinsa ya isa a shuka ayoyo, alefu ko barkono, in dai yana samun rana.

Sai dai ƙasar bakin gota ba ita muke nufi ba. Wannan najasa ta taɓa ta, tana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, ruwanta kuma na kawo gudawa da taifod. A samo baƙar ƙasa mai tsabta, a yi ban ruwa da na famfo ko na sama. Mai rauni a hannu ya rufe shi, ya tabbatar da allurar tetanus ɗinsa, domin ita ma ƙwayarta a ƙasa take. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, ganyen kuma a wanke shi sosai kafin ya shiga miya.